Ɗan Laraba

Ranar wata Asabar ce, ana saura kwana uku Babbar Sallah, shekarar da na shiga aji huɗu a firamare. Tashar motar Jos ta cika maƙil da matafiya da raguna, 'yan kamasho na ta kiran Bauchi da Gombe, hadari kuma ya haɗo ta gabas. Ina zaune a kan bencin wani mai shayi, an saya mini burodi an ce kada in motsa, ina kallon mahaifiyata tana ratsa taro ba takalmi, da wani koɗaɗɗen zane da ban taɓa ganin ta da shi ba, da jaririya a bayanta. Ta zo gindin wani benci da aka jibge wa kaya, ta kwance goyon, ta shimfiɗar da jaririyar a tsakanin buhuna, ta gyara mata hula, ta duba dama ta duba hagu, sannan ta juya ta tafi ba waiwaye. Kafin mai ba da umarni ya ce a tsaya, sai wata tsohuwa da ba ta lura da kyamara ba ta ajiye ƙullin kayanta, ta bi Umma da gudu ta cafke mata hannu tana cewa, "Baiwar Allah, ki ji tsoron Allah ki koma ki ɗauki 'yarki!" Tasha ta ɗauki dariya. Uwar jaririyar, maƙwabciyarmu ce da aka aro 'yar daga wurinta, ta fito daga bayan mai kyamara ta ɗauki abarta. Umma kuwa ba ta yi dariya ba. Ta zauna a kan wani buhun masara ta yi ta hawaye na gaske, har ruwa ya fara sauka.

Sunanta Habi, amma daga wannan fim ɗin kusan babu wanda ya sake kiran ta da shi. Laraba ake ce mata, sunan matar da ta fito a matsayinta. Mahaifina tela ne, ya rasu ina shekara huɗu, abin da na riƙe nasa bai wuce ƙarar kekensa ba. Umma ta fara wasan kwaikwayo tun tana makarantar 'yan mata, daga nan aka ɗauke ta a wasan talabijin na mako-mako, mahaifina kuma bai hana ta ba. Da zamanin kaset ya zo, tana cikin matan farko da suka yarda aka ɗauki fuskarsu aka sayar a kasuwa.

Muna zaune a gidan haya mai ɗaki takwas a Gangare, mu uku: ni da Umma da kakata, mahaifiyarta. Rijiya ɗaya ce a tsakar gida, ruwanta da safe kamar an narkar da ƙanƙara, don haka kowane yaro ya san aikinsa na farko shi ne hura gawayi a ɗora tukunyar wanka. Kaka tana da lambu a bayan gari, a bakin wani kududdufi da masu haƙar kuza suka bari. Idan an tashi daga makaranta can nake wucewa, in ɗebo ruwa a gwangwani mai hujoji in bi kunya-kunya ina ba kabeji da latas, in cire ciyawa, in wanke karas har hannuna ya yi ja. Ladan aikin shi ne dankalin Turawa biyu da Kaka ke binne mini a toka. Da la'asar mu yara sai mu hau duwatsu da fasassun jarkoki muna zamiya, wanda wandonsa ya tsage a baya ya dawo gida yana bin bango. Muna buga ƙwallon leda, muna langa, muna ƙera motocin gwangwani da tayoyin tsohon silifas. Ban san akwai wani abu da ya bambanta ni da sauran yara ba.

A lokacin ba a cika rubuta wa 'yan wasa magana ba. A ba ka labari da baki, sauran ya rage naka. Umma a tsakar gida take koyon aikinta. Tana tankaɗe tana sauraron yadda matar mai gida ke faɗa, tana wanki tana lura da yadda amaryar ɗakin ƙarshe ke sunkuyar da kai idan an ambaci mijinta. Wani lokaci sai ta miƙe ta kwaikwayi mai tallan nono ko malamin da ke karɓar kuɗin wuta, mata su yi ta dariya har tuwo ya kusa kamawa. Na sha jin tana gaya wa 'yan matan da ke zuwa neman ta koya musu, "Kada ki yi saurin sakin kuka. Ki riƙe shi a maƙogwaro, masu kallo su yi miki." Wannan ne kuwa ta yi a fim ɗin tasha. Ba ta zubar da hawaye ko ɗaya a gaban kyamara ba, shi ya sa mutane suka kasa yafe mata.

Kaset ɗin ya fito bayan damina. A falon mai gida muka fara kallonsa, domin shi kaɗai ke da bidiyo a layinmu, manya a ciki, mu yara maƙale a taga. Cikin 'yan watanni ya zaga ko'ina. Direbobin manyan motoci suka ce sun gan shi a Maraɗi, wani ya ce har Kumasi ana hayarsa. Sai Umma ta wayi gari kowa ya san fuskarta, amma ba irin sanin da ta zata ba. Wasu kan tare ta su yaba, su ce ta iya. Mafi yawa kuwa tsaki ne. Akwai mahaucin da ya kawar da kai ya ce ba ya sayar wa mai jefar da ɗa nama. A gidan suna, idan ta miƙa hannu za ta ɗauki jariri, sai ka ga uwar ta yi kamar ba ta gani ba. Umma ta kan dawo gida ta ba Kaka labari tana dariya, ta ce ai alama ce aikin ya yi kyau. Amma na lura ta daina zuwa kasuwa da rana tsaka.

Ni a makaranta abin ya same ni. Aka fara kira na ɗan Laraba, daga baya ya koma ɗan tsintuwa. Yara suka ƙirƙiro wasa: lokacin tara, wani zai goya jakarsa da rigar sanyi, ya zo ya shimfiɗar da ita a kan bencina, ya duba dama ya duba hagu, ya tafi yana sanɗa, sauran kuma su ɗauki kukan jariri. Na san ƙarya ce. Ina wurin aka ɗauki abin, na san sunan jaririyar, kullum ina ganin ta tana rarrafe a tsakar gidanmu. Amma sanin nawa bai hana ni jin kamar ƙasa ta tsage in shige ba. Wata rana na kasa jurewa, na ɗauki allon zane na kwaɗa wa wanda ya goya jakar a baki, haƙorinsa ya fita. Aka yi mini bulala a gaban makaranta, aka kore ni na mako biyu.

Labari ya kai Bauchi wurin Baffa Sani, yayan mahaifina. Malamin makaranta ne, mutum mai natsuwa, wanda tun farko bai so sana'ar Umma ba. Ya zo da kansa, aka zauna a zauren mai unguwa. Umma na gefe a kan tabarma, lulluɓe, Kaka na kusa da ita. Baffa bai ɗaga murya ba. Ya ce ɗan ƙaninsa na lalacewa, ko dai Habi ta bar fim, ko ta ba shi yaron. Umma ta ce fim ba sata ba ne, da shi take ciyar da uwarta da ɗanta, kuma shi ne abin da Allah ya ba ta ta iya. Aka yi ta jan magana. Da mai unguwa ya gaji, sai ya dube ni.

"Kai Salisu, ai ka yi wayo. Wurin wa kake so ka zauna?"

Shekarata goma. Ban tuna da dankalin toka ba, ban tuna da yadda take dumama mini rigar makaranta a bakin murhu ba. Bencin aji kawai na tuna, da kukan jaririn ƙarya. Na kalli ƙasa na ce, "Wurin Baffa."

Da muka koma gida Umma ta wanke kayana duka, ta goge, ta jera su a akwatin ƙarfen mahaifina, ta sa mini yajin da nake so a kwalba. Washegari ita da kanta ta ɗauki akwatin a ka ta raka mu tasha, tashar nan dai. Muna jiran mota ta cika, wani ɗan kamasho ya gane ta, ya ɗaga murya yana dariya, "Laraba! Yau kuma wannan za a jefar?" Mutane suka juyo. Na ji hannunta ya ƙara matse kafaɗata. Ta yi wa mutumin murmushi kamar ya faɗi abin kirki, ta shigar da ni mota, ta ce in riƙa sa rigar sanyi da asuba ko da Bauchi ba ta kai Jos sanyi ba. Ta tsaya a wurin har muka fita daga ƙofar tasha.

Shekara shida na yi a Bauchi, kuma ba zan yi wa Baffa ƙarya ba, ya riƙe ni kamar ɗan cikinsa. Gidansa babu bidiyo, makarantar kuma babu wanda ya san ko ni ɗan waye. Na samu abin da na nema. Umma na zuwa sau ɗaya a kowane zango da kwandon karas da kabeji daga lambun Kaka, ta sauka da sassafe ta rufe fuska har ta shigo gida, don kada 'yan unguwa su gane ta su ɓata mini zama. Mu gaisa, ta duba littattafaina, ta auna tsawona da idonta, kafin la'asar ta koma. A shekaru biyun ƙarshe kuwa aiki bai bar ta ta zo ba, sai dai ta aiko da kwandon. A waɗannan shekarun ne ta fi yin fina-finai, amma kusan duk matsayi ɗaya ake ba ta: muguwar mace. Ta roƙi a gwada ta a wani abu daban, aka ce mata masu saye Laraba suke so.

Ina aji huɗu a sakandare aka aiko cewa motar 'yan fim ta faɗi a gangaren hanyar Kano, Umma ta karye a cinya. Na ce wa Baffa zan koma gida. Ya ce, "Je ka, uwa ce." Na same ta kwance a ɗakinmu na dā, mai ɗori ya ɗaure ƙafar da karare, Kaka ta tsufa har ba ta iya zuwa lambu. Na yi sallama daga bakin ƙofa, Umma ta amsa, ta ce wane ne. Sai da na ɗaga labule ta gane ni.

Ƙafar ta warke amma ta bar mata ɗingishi, kafin ta miƙe kuma zamani ya juya. Fim ya koma na rawa da waƙa da 'yan mata sababbin fuska. Idan an kira Umma, uwa za ta fito, a zaunar da ita a kan tabarma ta yi wa ɗa nasiha ta minti biyu, a sallame ta. Daga baya kiran ma ya ja baya. Akwai lokacin da aka yi ta yi wa 'yan fim tofin Allah tsine a wa'azi da rediyo, matasan da ake magana a kansu suna da inda za su gudu, ita kuwa tana nan a layi kowa ya san ƙofarta. Ta kafa tanda a ƙofar gida tana suyar masa. Wani lokaci gidan rediyo su kira ta ta yi muryar tallan sabulu ko na rigakafi, ta dawo fuskarta a sake kamar an ba ta kujerar Makka. Na karɓi lambun Kaka na rabin rana, na koyi tuƙi a sauran rabin. Mun zauna shekaru a haka lafiya, ban taɓa jin ta tayar da maganar zauren mai unguwa ba, ni ma ban taɓa samun bakin tayar da ita ba.

Tuƙin ne ya kawo ni Doha. Ina jan motar wani kamfanin kayan lambu, in yi lodi a Abu Hamour in bi shagunan Al-Sadd da Madinat Khalifa ina saukewa. A ɗakinmu mu huɗu ne, har da Alhasan, mutumin Zangon Kumasi, wanda ya girme ni. Ban taɓa gaya wa kowa ko wace ce uwata ba. Da cutar korona ta zo, cikin azumi, ɗayanmu ya kamu, aka killace mu mako biyu, ana ajiye mana abinci a bakin ƙofa. Wata rana bayan azahar ina kwance, sai na ji muryar Umma ta cika ɗakin, muryarta ta ƙuruciya. Alhasan ne ya samo tsohon fim ɗin a waya, wani ya ɗora shi, hoton duk ya dushe. Mutanen Zango ba sa raba mace da namiji a magana, don haka abin da ya ce shi ne, "Salisu, zo ka ga wannan mata. Wallahi ya san wasa! Mamana sau goma ya kalli wannan, kullum sai ya yi kuka." Ya ce a Zango mahaifiyarsa da ƙawayenta ba su taɓa zagin Laraba ba, cewa suke babu macen da za ta gyara wa jariri hula haka sai wadda ranta ke ƙuna.

Na tashi na zauna kusa da shi. Shekara ashirin da wani abu rabona da in yarda in kalli wannan fim. Da aka zo wurin tasha, na hango kaina a can gefe, ɗan mitsitsi a kan bencin mai shayi, riƙe da burodi. Na ɗora yatsa a wurin na ce, "Ka ga wannan yaron? Ni ne. Matar kuma ita ta haife ni." Alhasan ya ajiye wayar, ya kalle ni sama da ƙasa, ya ce, "Shekara uku muna cin abinci kwano ɗaya, kana ɓoye wannan? Yalla, maza kira shi yanzu in gaishe shi." Na kira ta. Sun fi rabin sa'a suna hira, ina jin dariyarta ta cikin waya.

Alhasan ne ya kawo shawarar a kawo ta Doha lokacin gasar cin kofin duniya, da aka sauƙaƙa wa baƙi shigowa. Ghana ce ta hana Najeriya zuwa, don haka ya ce tunda sun hana mu 'yan ƙwallo, za su biya mu da 'yar wasa. Yayarsa, da ke aiki a wani asibiti a Al-Sadd, ta ce a ɗakinta za ta sauka. Umma ta zo da sandarta da kwalbar yaji. Ba ruwanta da ƙwallo, amma jirgin ƙasan da ke tafiya ba direba ya burge ta, ta yi ta nazarin mutane, da yamma ta kwaikwayi yadda kowace ƙabila ke murna. Ranar Juma'a matan Zango suka cika ɗakin, wasu da kayan aikinsu a jiki, suka dafa mata shinkafa da wake irin nasu, suna ta ɗaukar hoto da ita. Wata ta miƙa mata jaririnta ta ce ta sa masa albarka. Umma ta karɓe shi, ta sa masa.

Ana gobe za ta koma, kafil ɗina, wato uban gidana a wurin aiki, ya ba ni hutun rabin yini. Na kai ta bakin teku da hantsi, iska na kaɗawa a hankali, muka samu benci muka zauna muna kallon jiragen ruwan katako. Na daɗe ina juya maganar a baki, sannan na ce, "Umma, ranar nan a zauren mai unguwa. Ki yafe mini."

Can ta ce, "Tambayar manya aka yi wa yaro, Salisu. Ban taɓa riƙe ka ba, ko na yini ɗaya." Ta gyara sandarta a tsakanin gwiwoyi. "Abu ɗaya ne kawai ya tsaya mini. Ka tafi da muryar yaro, ka dawo da muryar babban mutum. Ban ji lokacin da ta sauya ba. Ɗana ya yi sallama a ƙofata, na ce wane ne."

Ta dafa gwiwata ta ce, "Khalas, ya wuce, ba haka kuke cewa a nan ba? Tashi ka samo mana shayi."

Yanzu tana Jos, a gidan da ba na haya ba, 'ya'yana, jikokinta, na hawa mata jiki. Kududdufin Kaka an cike shi an yi gidaje, duwatsun da muke zamiya an fasa rabinsu. Yaran unguwa na nuna wa juna tsofaffin fina-finanta a waya, sun san wasa ne, wasu har kan zo su ce ta koya musu. Da a zamaninsu na tashi, da babu wanda zai tambaye ni wurin wa nake so in zauna. Kullum da safe kafin in fara lodi nakan kira ta, ko babu abin faɗa, mu yi maganar sanyi da farashin tumatir. Shekaru shidan nan dai ba za su dawo ba, amma ba na bari rana ta fito ba ta ji muryata ba.